Kwana Bakwai a Kan Ɓawon Inabi

Ku da kuke tsayawa a bakin shagona kuna cewa, "Kawu Sabi'u, ai wannan ba sana'a ba ce, inabi ne ka zuba a inji ka danna," ina jin ku, kunnena bai mutu ba tukuna. Ba na kuma jin haushi. Ni ma haka na faɗa ranar da aka kawo ni gaban Ammu Bakur a wannan lungu na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ina ɗan shekara ashirin da huɗu, daga Funtuwa, da takardar sakandare a jaka da sabuwar iƙama, takardar izinin zama, a aljihu. Bambancina da ku shi ne ni a zuci na faɗa, don dattijon yana da wani irin kallo da ke sa mutum ya haɗiye maganarsa.

Ammu Bakur haifaffen Jidda ne. Kakansa ya taho aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Kano, bai koma ba. Hausar Ammu rabi ce, Larabci ya cinye sauran, amma in zai yi faɗa da Hausa yake yi, wai ta fi shiga jiki. Sana'arsa ruwan jan inabi, shi kaɗai. Ba mangwaro, ba lemo, ba gauraye-gaurayen nan naku masu madara da ayaba da sunayen 'yan ƙwallo.

Aikin farko da ya ba ni shi ne tsinke inabi daga jikin tsinkensa. Wata uku cur ina zaune a kan kujerar tsuguno, baho a dama, baho a hagu, ina cire ƙwaya ɗaya-ɗaya. Wadda ta fashe gefe, wadda ta yi laushi gefe, wadda tsuntsu ya taɓa gefe. In ya leƙo ya ga ɗan koren tsinke guda a cikin bahon, sai ya ɗauko ya miƙo mini ya ce, "Tauna." Na tauna tsinke ya fi a ƙirga kafin na gane abin da yake koya mini: baurin da ke ɗaure harshe daga nan yake fitowa. Na rubuta wa gida wasiƙa na ce ina aiki a kamfanin sarrafa kayan marmari.

Bayan tsinka sai murza, kuma da hannu ake yi. Ga dalilin da ya sa nake dariya in na ji ƙarar hallaɗar nan taku, injin markaɗen da kuke taƙama da shi. Wuƙarsa ba ta san ɓawo ba, ba ta san ƙwallon ciki ba, duk farfasawa take. Ƙwallon inabi kuwa in ya fashe ɗaci yake saki, sai ku bi shi da sukari, mai saye ya sha sukari ya tafi yana tsammanin ya sha inabi. Mu tafin hannu muke sawa, a matsa har ƙwaya ta buɗe baki, ƙwallon ya fito lafiyarsa ƙalau. Sannan a kai matsa. Matsar Ammu tana nan har yau a bayan labulen can: kwandon katako mai tazara tsakanin sandunansa, da dogon ƙarfe mai zare da ake murɗawa daga sama. A shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, wanda ba ya ganin sabulu mai ƙamshi, tafasa shi kawai ake yi. A murɗa sau biyu, a tsaya, a bar ruwa ya sauko da kansa. Mai gaggawa ba ya wannan aiki.

Sayen inabin ma karatu ne. Bayan sallar asuba muke shiga halaga, babbar kasuwar kayan gwari, Ammu a gaba ni a baya da kwanduna. Akwai inabin da jiragen ruwa ke saukewa a tasha, manya-manya, masu sheƙi, kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta. Ko kallonsu ba ya yi. Nasa na Ɗa'ifa ne, na kan duwatsu, inda dare ke da sanyi ko a tsakiyar zafi. Ƙanana ne, ɓawonsu siriri, zaƙinsu yana tafe da ɗan tsami a baya, ga wani ƙamshi da ba ya hawa kai. Ammu ya ce inabin ƙasa mai zafi da sauri yake nuna, ya tara zaƙi ya manta da komai, shi kuwa na wuri mai sanyi a hankali yake zuwa. Sau ɗaya ya tafi da ni gonar da yake saye. Na tashi daga Jidda ina gumi, na isa can haƙorana suna haɗuwa, sai da mai gonar ya ara mini bargo ya zaunar da ni kusa da murhun shayi kamar mai jego.

To ga inda labarina yake. Ku matse baƙin inabi yanzu ku gani, ruwan da zai fito ba ja ba ne, fari-fari ne kamar ruwan tsamiya. Launin a ɓawo yake. Saboda haka in an murza, ba a matsewa nan take. Ana barin ruwan da ɓawonsa a rufe a cikin tallaja, wato firiji, su kwana tare, da safe a matse, sai ka ga ja mai haske. A nan Ammu yake da doka guda da ba ta motsi.

"Laila wahda, ya waladi. Dare ɗaya. In ya kai biyu, zubar. Kada ka ɗanɗana, kada ka yi shawara da kanka, zubar."

Na ce, "Ammu, me zai faru in ya kai biyu?"

Ya ce, "Kida. Haka yake. Halas."

Shekara shida ina tare da shi, na yi wannan tambaya ta kai sau goma, amsar ba ta canza ba. Ni kuma na yanke wa kaina hukunci cewa irin camfin tsofaffi ne, kamar hana yanke farce da dare. Ina da sakandare, kar ku manta.

Masu sayenmu ba su da yawa amma ba sa yankewa. Akwai matan da ke aiko direba da tulun gilashi, akwai ma'aikatan ofisoshin unguwar Bagdadiyya da ke biyowa da azahar, akwai kuma 'yan benci. Bencin nan da kuke zama a kai kuna latsa waya, a da na dattawa huɗu ne, kullum bayan la'asar. Uku daga cikinsu ba sai na faɗi sunansu ba, 'ya'yansu suna nan. Na huɗun shi ne Baba Ilu, mutumin Maraɗi, ladanin ƙaramin masallacin ƙarshen lungu. Shekara ashirin da wani abu yana kiran salla ba fashi. Muryarsa ba ta da ƙarfi sosai, amma tana da wani sanyi, in ya ja kiran asuba sai ka ji kunyar ci gaba da kwanciya. A wurinsa mutane ke ajiye fasfo da sarƙar aure in za su yi tafiya. Abin da aka sani game da ƙuruciyarsa shi ne ya yi aikin jirgin ruwa, ya sauka a Jidda wata shekara ya ƙi komawa ciki. Ƙaramin kofi yake sha, kuma kafin ya kai baki sai ya ɗan tsaya ya shinshina. Ina yi masa dariyar wannan a ɓoye.

Shekarar wahala ta zo mini da abu uku a jere. Ammu Bakur ya rasu a farkon zafi, kwana huɗu kawai ya yi a kwance. Shago da iƙamata suka koma hannun ɗansa Usama, ya zama kafilina, wato wanda zamana a ƙasar ke hannunsa. Usama mutumin kirki ne amma ɗan ofis ne, bai taɓa murza ƙwayar inabi ba, kuma na ji a bakin mutane cewa wani ya ba shi shawarar ya mai da wurin shagon waya. Na uku, aka yi ruwa da ƙanƙara a kan duwatsu ba a lokacinsu ba, inabin Ɗa'ifa ya sauko a koɗe, tsami ya fi zaƙi, launi kuwa ba a magana. In na kwanar da shi dare ɗaya na matse, abin da ke fitowa kamar an wanke jan mayafi a ruwa.

Ana cikin haka aka sa ranar auren ƙanwar Usama. Mahaifiyarsu, Ummu Usama, ta kira ni har gida, ta yi mini magana daga bayan ƙofa.

"Ya Sabi'u, a walimar nan ba na son lemon kwalba. Ruwan inabin gidanmu za a sha, irin na marigayi. Ja nake so, ja sosai, mutane su gani su tuna da shi. Tigdar? Za ka iya?"

Na ce, "Hajiya, in sha Allahu har sai ya fi na marigayi."

Ku lura da wannan magana. Ba ta tambaye ni ya fi ba. Ni na ƙara da bakina.

Walima ce ta mutum wajen ɗari uku, da malamai, da abokan aikin Usama, har da wani babban jami'i da aka ce dangin ango ne. Na san in na burge, shago ya tsaya, iƙamata ta tsaya. In na kunyata, sai shagon waya, ni kuma sai Funtuwa, da mata da 'ya'ya biyu da takardar sakandare. Na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. Na ce, launi a ɓawo yake. Dare ɗaya yana ba da ja kaɗan. Ashe dare bakwai zai ba da ja sau bakwai. Na yi mamakin yadda Ammu ya shekara hamsin a sana'a wannan lissafi bai zo masa ba, har na ɗan ji tausayinsa.

Tallaja ba za ta ɗauki inabin mutum ɗari uku ba. Sai na sayo manyan robobi biyu masu murfi, na wanke su tas, na kai ɗakin baya. Kun san ginin Balad na dutsen teku, bangonsa da kauri, ɗakin da sanyi-sanyi, na kuma kunna masa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Na tsinke, na murza, na zuba da bisimilla, na rufe da ƙyalle.

Kwana biyu ba abin da ya faru, sai launi da ya fara kamawa. Na ce, ka gani. A rana ta uku na buɗe na tarar ɓawon duk ya taso sama ya yi tauri kamar ƙanzo, ƙarƙashinsa kuma ana wata 'yar ƙara, sii-sii, ƙananan kumfa suna fitowa. Wani zai tsorata. Ni sai na ce ɓawon da ke sama ai ba ya ba da launi, na je gida na ɗauko muciyar tuwon matata, na dinga danna shi ƙasa safe da yamma. Daga baya aka gaya mini cewa a ƙasashen da ake yin abin da gangan, haka ɗin nan ake yi, har da lokutan. Ni ba wanda ya koya mini. Da kaina na gano, da alwalata.

Kada ku ce ban san lalacewa ba. Na san ruwan da ya lalace: ya yi tsami, ya yi yauƙi, ya yi furfura a sama, ƙuda ya taru. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Giya kuwa a saninmu na Funtuwa wani abu ne mai warin tsiya da ake jiyowa in an bi ta wata unguwa, mutum ya toshe hanci ya ƙara sauri. Abin da ke cikin robata ƙamshi yake, ƙamshi mai daɗi ma. Matsala ɗaya na lura da ita: zaƙin yana guduwa. In na ɗanɗana da safe da zaƙi, da yamma ya ragu. Sai na ƙara sukari. Washegari ya sake gudu, na sake ƙarawa, ina zagin manoman Ɗa'ifa. Ashe ciyar da abin nake yi.

Ɗanɗanawar kuma ta tashi daga cokali ta koma rabin kofi, don aiki ne babba, dole a sa ido. A kwanakin nan na ji duniya ta yi mini daɗi. Rasuwar Ammu ta yi sauƙi a zuciyata, na daina tsoron Usama, na yi wa wani direban tasi Bapakistane nasiha mai tsawo a kan haƙuri. Matata ta ce, "Malam, lafiya kake waƙa a banɗaki? Kuma ina muciyata?" Na ce mata iskar Ɗa'ifa ce ke cikin inabin, tana buɗe ƙirji.

Rana ta bakwai, ana gobe walima, na matse. Wallahi ban taɓa ganin launi irin wannan ba, ja mai duhu, in ka ɗaga kofi a rana haske na ratsa shi. Na tace sau biyu, na gyara zaƙi, na ɗura a jarkoki goma sha biyu, na sa ƙanƙara a kewaye. Jarkokin suna ɗan kumbura, sai na sassauta murfi na ce ƙarfin inabi ne. Usama ya turo dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, za ta kai su ɗakin sanyi na gidan biki bayan la'asar. Kaina ya gama kumbura fiye da jarkokin. Na ce kafin a tafi da shi bari dattawan benci su shaida.

Na fito da kofi huɗu a kan tire. Uku suka karɓa suna ma sha Allah tun daga launi. Ɗaya ya kurɓa ya ce, "Kai, Sabi'u, wannan har wani ɗumi yake saukarwa a ƙirji." Baba Ilu ya karɓi nasa, ya kai hanci kamar kullum. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya ɗan juya kofin, ruwan ya zagaya, ya sake shinshinawa, ya ajiye a ƙasa kusa da takalminsa. Ya dafa gwiwar na kusa da shi ya ce, "Dakata da sha tukuna, Alhaji." Sannan ya miƙe ya ce, "Sabi'u, taho in gane ka ciki."

Muka shiga bayan labule. Ya yi ƙasa da murya.

"Kwana nawa ya yi bisa ɓawo?"

Na ce, "Bakwai, Baba. Dabara ce sabuwa."

"Bon. Ka sallami mai mota. Ka zubar da shi duka, yanzu, ka wanke wurin. Wannan ba ruwan inabi ba ne kuma. Giya ce."

Dattijon nan ya yi mini duk abin da mai hankali zai yi. Ya keɓe ni, ya rufa mini asiri, ya faɗa mini a hankali. Abin da ya rage kawai in ce to. Amma kwana bakwai ina danna ɓawo da muciya, ga rabin kofin da na sha da azahar yana aiki, ga Ummu Usama tana jiran ja. Na yi dariya, na ɗaga labule na fito waje, na ɗaga murya yadda har mai shagon turare na gaba ya leƙo.

"Jama'a, ku ji Baba Ilu! Wai ruwan inabina giya ne! Baba, kai da ba ka san komai ba sai lasifika da buta, ina ka taɓa ganin giya balle ka san ƙamshinta? Tsufa ne ya taɓa hancin. Direba, ɗora kaya, yalla!"

Dattawan suka yi 'yar dariya, mai turare ma ya yi. Direba ya ɗauki jarka ta farko, ya ɗauki ta biyu. Baba Ilu yana tsaye a bakin labule yana kallon jarkokin suna hawa mota. Na sha tuna tsayuwar nan tasa. Da ya yi shiru ya koma masallacinsa, ba wanda zai zarge shi da komai. Gobe mutum ɗari uku su sha, a cikinsu ba za a rasa wanda ya san abin ba, kafin la'asar ina hannun hukuma, daga can sai gidan yari, sai tarhil, a sa ni a jirgi da kayan jikina. Gidan Ammu Bakur kuma a dinga nuna shi da baki har jikoki. Shi kuwa Baba ba abin da zai taɓa shi.

Da jarka ta biyar ta hau, sai ya yi magana, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Shekara goma sha ɗaya ina zuba ta a tebur cikin bato, jirgin ruwa na Faransawa. Ni ke buɗe kwalba, ni ke ɗanɗanawa kafin a kai ma kyaftin. Kuma ba ɗanɗanawa kaɗai na tsaya ba, na sha ta har ta kusa kashe ni. Saboda ita na sauka a garin nan ban koma ba. Na san ta kamar yadda na san sunana. Wannan irin ta ƙasar sanyi ce, marar nauyi, mai ɗan tsami, wadda suka fi so da kifi. Ka iya aiki, Sabi'u. Sauke kayan."

Alhajin da ya ce yana jin ɗumi a ƙirji ya tashi da sauri ya nufi famfo yana kurkure baki yana istigfari. Direba ya sauke jarkoki biyar ɗin da hannunsa, ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, ya ja motarsa. Ni kuwa duk abin da na sha ya bi gumi ya fita. Na tsaya riƙe da tire kamar wanda aka dasa.

Ni da Baba muka zubar. Jarka goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, a magudanar ɗakin baya, yana sakin ruwan famfo a kai ina bi da omo, don kada ƙamshin ya fita titi. Bai ce mini komai ba sai, "Ka ƙona muciyar." Da lokacin magariba ya yi ya wanke hannu ya tafi ya kira salla.

Walima kuwa an yi ta. Da asuba na shiga halaga na kwashe duk jan inabin da na samu, har da na jirgin ruwa da Ammu ba ya kallo, na murza na matse a ranar, na ɗan taɓa shi da zoɓo don launi. Ummu Usama ta aiko cewa ya yi daɗi amma bai kai na marigayi ja ba. Na ce a gaya mata gaskiya ta faɗa. Usama bai rufe shago ba, har yau ban san ko labarin ya kai kunnensa ba, bai taɓa tambaya ba, ni kuma ban taɓa tsokano zancen ba.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Labarina bai yi nisa ba. Mutane suka ɗauke shi abin dariya, Sabi'u sakarai ya yi kuskure, Allah ya kiyaye, shi ke nan. Labarin Baba Ilu ne ya zagaya. Kafin Juma'a ya kai Bagdadiyya. Ba wanda ya ce masa komai a fuska. Sai dai wata mata ta aiko a karɓo mata sarƙarta, wani ya zo ya karɓi fasfonsa ya ce zai sabunta. Wani a sahun gaba ya fara cewa ai akwai matasa masu murya, a bar tsoho ya huta. Liman ya ce tuban shekara talatin ba abin wasa ba ne, ya tsaya masa, amma Baba da kansa ya miƙa makullin ɗakin lasifika ya ce ƙirjinsa ba ya ɗaukar jan kiran salla. Ƙirjinsa lafiya lau yake. Ya koma sahu na uku, gefen bango.

Na je na same shi na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tashi, kana tare ma mutane hanya." Na ce to me zan yi masa. Ya ce, "Kullum ka kawo mini kofin farko in shinshina, tunda kai hancinka na ado ne." Haka muka yi shekara tara. Kowace la'asar kofin farko nasa ne, ya kai hanci, ya ce, "Bon, sayar." Benci ya koma na mutum biyu, ni da shi, don sauran sun sami wata inuwar. Ranar da ya rasu na riga na zuba kofin kafin aka zo aka faɗa mini.

Sai da na girma a sana'ar na gane abin da ya sa Ammu bai taɓa ba ni dalili ba. Dalilin shi ne hanyar yin abin, shi kuma ba ya son ya koya wa kowa. Ya zaci in bai faɗa ba ya tsare ni. Ni na bambanta da shi a nan, shi ya sa na zaunar da ku na faɗa muku duka, har da muciya. Wanda ya taso a gidan da ba a sha, a garin da ba a sayarwa, ba shi da hancin da zai gane ta, kuma wanda yake da hancin ba zai so a san yana da shi ba. Saboda haka dare ɗaya, a cikin tallaja. In ya kai biyu ku zubar, kada ku tsaya neman wanda zai shinshina muku, don kun ji abin da shinshinawar ta ci wa wani.

Ga shi can an fara kiran la'asar. Yaron yana da murya, ba laifi, har ya fi Baba ƙarfi. Ku tashi ku je, ni sai na rufe tallaja. Shekara goma sha takwas ke nan ina jin kiran nan sau biyar a rana, kuma ba wanda na ji ban tuna cewa ni na sauke mai yin sa na da ba.